Injin Katako a Makarantunmu: A Sakar Wa Ɗalibi, Ko a Sa Kwaɗo?

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a tsohuwar Jihar Gongola bayan shekarar 1982 zai tuna da darasin nan da ake ce wa Intirotek. A shekarar ce aka soma aiki da tsarin karatu na 6-3-3-4, wanda aka ce zai sa yaro ya bar makaranta da sana'a a hannunsa. Gwamnatin Tarayya ta zuba kuɗi ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari da Cekoslobakiya, aka rarraba wa makarantu. Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Makarantu da yawa ba su da wuta, ba ɗakin da za a kafa injin, ba kuma malamin da ya san kansa. Akwatuna suka shekara da shekaru a baranda ko a sito, gara ta ci akwatin, tsatsa ta ci abin da ke ciki. Aka yi ta yaye ɗaliban da suka iya zana zarto a takarda har su rubuta sunan kowane sashe nasa, amma ko reshen darbejiya ba su taɓa yankawa da shi ba.

Ga shi maganar ta sake tasowa. A shekarar 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar cewa karatun kwalejojin fasaha zai koma kashi 80 cikin 100 aikin hannu, kashi 20 zaman aji. A shekarar kuma aka rage darussan sana'a na sakandare zuwa shida, babu aikin kafinta a cikinsu, abin da ya ƙara jibga nauyin sana'ar a wuyan kwalejojin fasaha. Mu a Adamawa muna da na jiha a Yola da Mubi da Numan, ga ta tarayya a Michika. To, aikin hannu a sashen kafinta ma'anarsa ɗaya ce: yaro ɗan shekara 15 ko 16 zai tsaya gaban ƙarfe mai haƙora yana juyawa. A nan ne kan iyaye da malamai ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa.

Masu cewa a sa kwaɗo da lissafi suke farawa, lissafin kuwa mai tayar da hankali ne. Faifan zarto mai faɗin inci 10, irin wanda ake ɗaura wa teburin tsaga katako, yana juyawa kusan sau 4,000 a minti guda. In yana da haƙora 40, to a daƙiƙa ɗaya haƙora fiye da 2,600 ne ke wucewa ta wuri guda. Lafiyayyen mutum wanda hankalinsa ke jikinsa sai ya ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya janye hannu daga abin da ya taɓa shi. Kafin nan haƙora 600 da ɗoriya sun ratsa. Babu zafin naman da zai ceci yatsa. A Amurka, inda ake da ƙididdiga, hukumar da ke sa ido kan lafiyar kayan da ake sayar wa jama'a ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 30,000 ne wannan faifai ke kaiwa asibiti a kowace shekara, kusan 4,000 daga cikinsu kuma suna rasa yatsa ko fiye. Akasarinsu manya ne, a ƙasar da ba a cika ɗauke wuta ba. Sai masu wannan ra'ayi su ce, ina ga yaron da jiya jiya ya daina wasan langa?

Batun wutar nan shi ne hujjarsu mafi ƙarfi, kuma shi ne wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika damuwa da shi ba, don su ba matsalarsu ba ce. Ka ɗauka yaro na cikin tsaga katako, ya kai rabi, sai aka ɗauke wuta. Ƙarar injin ta mutu, ɗakin ya yi duhu-duhu, 'yan aji suka sa ihu kamar yadda aka saba. Amma faifan bai tsaya ba. Nauyinsa na ci gaba da juya shi, shiru, har ido ba ya rabe haƙoransa. Ga wani ɗan guntun katako ya maƙale a gefensa, hannu kuma ya saba da share abin da ya tare hanya. Wannan haɗari na farko ke nan, shi ya sa a Ingila aka wajabta sa wa irin waɗannan injuna birki da zai tsayar da su cikin daƙiƙa 10. Na biyu ya fi muni. An ɗauke wuta, ba wanda ya tuna ya kashe makunni, don ai injin ya riga ya mutu. Bayan rabin sa'a malam ya ce a yi amfani da damar a share garin katako, ko a canza faifan da ya dakushe. Yaro ya zura hannu ciki da sifana. Sai aka kawo wuta, ko maigadi ya tayar da janareta a can bayan ofis bai gaya wa kowa ba. Duk wanda ya zauna Jimeta ya san sau nawa wuta ke zuwa ta koma a yini guda.

Sai yawan ɗalibai. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a wajen aikin hannu malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 20. Mu dai mun san yadda azuzuwanmu suke. Malamin da ke da ido biyu, yana kallon wanda ke kan inji, wa ke kallon sauran da ke ture-ture a bayansa? Ga zafin Yola na watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40. Gumi na cika tabarau na kariya, yaro ya ture shi saman goshi don ya ga layin da ya ja. Wanda ya fito gida bai karya ba yana jin jiri. In kuwa abin ya faru, mayar da yatsan da ya guntule aiki ne na likitan da ya ƙware a ɗinkin ƙananan jijiyoyi, irinsu ƙalilan ne a ƙasar nan, lokacin da ake da shi kuma sa'o'i ne kawai. Dokar biyan diyya ta 2010 ma'aikata aka yi wa, ɗalibi kuwa ba ma'aikaci ba ne. Ƙarshenta shugaban makaranta ya zo gida da tawaga, a jajanta, a ce tsautsayi ne, uba ya sayar da akuya ya biya kuɗin magani. Don haka suke cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. A koya wa yaro zarton hannu da makankari da guduma, ya san halin katako, ya san inda yake tsagewa da inda yake gardama. Masassaƙanmu da gizago suka sassaƙa turmi da kujera da kwalekwalen da ke ratsa Binuwai, ba su jira wuta ba.

Ban raina wannan magana ba. Uban da ya faɗe ta ba matsoraci ba ne, ɗansa yake so.

Ɗaya ɓangaren ba su musa ko ɗaya daga cikin wannan lissafi ba. Tambaya guda suke yi: in makaranta ta kulle ɗakin, ina yaron zai fara haɗuwa da injin? Domin zai haɗu da shi, ko an so ko an ƙi. Yau babu kafintan da zai ci abinci da zarton hannu kaɗai. Mai gini da ke son katakon rufi, da uwar amarya da ke son gado da sif da kujeru kafin Sallah, ba mai jiran a kankare katako da hannu.

Ka leƙa kowace rumfar tsaga katako a garuruwanmu da hantsi. Za ka tarar da teburin ƙarfe da makaniken walda ya haɗa, injin dizal na jan sa da doguwar bel a fili, tana kaɗawa kusa da ƙafar mutane. Faifan tsirara yake, ba murfi a kansa, don an ce murfin yana hana ganin layi, yana rage sauri. Oga na tura katako daga gaba, yaronsa na ja daga baya, silifas a ƙafa, garin katako ya yi masa fari fat a gira da gashin ido. Ba a jin magana sai da hannu ake yi. In ka miƙa wa ogan hannu ku gaisa, sau da yawa za ka ji wani yatsa bai kai ƙarshe ba, in ka tambaya ya yi dariya ya ce harajin sana'a ne. Wannan ita ce makarantar da yaron zai shiga in waccan ta rufe masa ƙofa. Zai zo da takardar shaidar kammala kwalejin fasaha ta NABTEB a aljihu bai taɓa kunna inji ba, a yi masa dariya, shi kuma don ya wanke kansa ya kwaikwayi duk abin da ya ga oga na yi. Abin da hannu ya fara koya kuwa shi yake riƙewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kafinta ya fi kowa sanin haka.

Suna kuma da doka a bayansu. Sashe na 59 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, amma ya ware aikin da ake yi a makarantun fasaha, matuƙar ma'aikatar ilimi ce ta amince da shi kuma take sa ido. A Amurka ma, ƙa'idojin da suka fito daga dokar ƙwadago ta 1938 sun hana wanda bai kai 18 ba aiki da injin katako mai wuta, amma suka buɗe ƙofa ga ɗalibi ɗan 16 ko 17 da ke koyo ƙarƙashin ƙwararre. Wato masu tsara doka a nan da can sun ga abu ɗaya: makaranta ce wurin da ya kamata a yi wannan haɗuwa ta farko, inda babu mai kaya a tsaye yana cewa a yi sauri.

Hujjarsu ta uku ita ce ta fi shiga raina. Raunin injin katako ba daga sama yake faɗowa ba, hanyoyinsa sanannu ne, ana iya ƙirga su. Babba daga ciki shi ne katako ya yi harbi. In tsagin da aka yi ya matse bayan faifai, musamman in katakon ɗanye ne ko ya karkace, haƙoran baya da ke tasowa sama sai su cafke shi su wurgo shi kan mai turawa, wani lokaci su ja hannunsa zuwa kan faifan. Maganinsa wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake kafawa daf da bayan faifai, tazararsu kada ta wuce milimita 8, shi ke riƙe tsagin a buɗe. Na biyu, hannu ya matso faifai a ƙarshen yanka. Maganinsa sandar turi mai tsawon santimita 45 da ɗan baki a ƙarshenta, wadda kowane ɗalibi zai iya yi da kansa daga ragowar katako, ita za ta tura santimita 30 na ƙarshe. Batun wuta da ya fi tsorata mu, shi ma yana da magani: akwai makunni mai maganaɗisu, wanda da zarar an ɗauke wuta yake faɗawa ya kashe kansa, ko an dawo da ita injin ba zai motsa ba sai mutum ya danna koren maɓalli da hannunsa. Masu gyaran wuta sun san shi, ana sa shi a injinan famfo da na niƙa, kuɗinsa kuma bai kai na ɗinkin hannu ɗaya ba.

Da na ɗora maganganun biyu a sikeli, sai na ga ba kan abu ɗaya suke magana ba. Masu cewa a kulle suna kallon ɗakin da muke da shi yau. Masu cewa a buɗe suna kallon ɗakin da ya kamata a ce muna da shi. Kuskuren na farko shi ne sun ɗauka kulle ƙofa na kawar da haɗari, alhali tura shi kawai yake yi zuwa rumfar kasuwa, inda makaranta ba za ta ga jinin ba. Kuskuren na biyu kuwa, suna magana kamar duk injuna ɗaya ne, kamar kuma manna takardar ƙa'idoji a bango ta isa. Ba ta isa ba. Takarda ba ta tsayar da faifai.

Akwai mai cewa fasaha ta riga ta raba gardamar. A shekarar 1999 wani Ba'amurke mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro teburin zarto da ake kira SawStop, wanda ke gane fatar mutum ta hanyar ɗan siginar lantarki, ya tsayar da faifan cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa, mutum ya tashi da ƙwarzane maimakon guntun yatsa. Abin sha'awa ne, amma duk lokacin da birkin ya kama sai an sayi sabo, galibi har da faifan, kuma jiƙaƙƙen katako na iya ruɗa shi ya kama a banza. Makarantar da ke fama da kuɗin alli, in ta saye shi, watarana za mu same shi a sito kusa da akwatunan 1982.

Wani abin da ɓangarorin biyu suka manta, saboda ba ya zubar da jini a gani, shi ne ƙura da ƙara. Tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, musamman a hanci, kuma ƙurar katako mai tauri ta fi illa. Irin su madaci da madobiya da kawo da muke alfahari da su duk masu tauri ne. Tana kuma tayar da asma. Ƙarar da ta kai ma'auni 85, in aka yini a cikinta kullum, tana cin ji a hankali, injin kankare katako kuwa yana kusantar 100. Tsohon mai injin da sai ka ɗaga murya yake jin ka, ba tsufa kaɗai ba ne. Takunkumin hanci na gaske da abin toshe kunne da tagogi a buɗe, su ma cikin kayan aiki suke.

Sai batun sutura, wanda a nan namu ne na kanmu. Hannun kaftani, da carbi a wuya, da bakin hijabi, duk abin da ke lilo injin huda ko injin murza ƙafar kujera na iya naɗe shi cikin ƙiftawar ido. Wasu sun mayar da wannan dalilin hana 'yan mata shiga ɗakin, ni kuwa ban ga dalili a ciki ba. Ƙaramin hijabi da aka cusa cikin rigar aiki ya rufe abin da ake so a rufe, bai kuma bar wa inji abin kamawa ba. Akasin haka, safar hannu. Shugaban makaranta mai kyakkyawar niyya zai iya sayo ta katan guda ya raba, yana ganin ya yi rigakafi, alhali a gaban abin da ke juyawa safar hannu tarko ce: haƙori ya kama zare ɗaya, sai ya tafi da hannun gaba ɗaya.

Kalmar tsautsayi kuma, mu yi mata adalci. Mun yi imani da ƙaddara, ba mai ja. Amma wanda ya kwance murfin faifai ya rataye a ƙusa, ya bar yara 60 da inji ya tafi ofis sa hannu, ba shi da bakin cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sakaci sunansa sakaci.

Ga inda na tsaya. A ƙaramar sakandare, kayan hannu kawai, a nan masu kwaɗo sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Daga aji ɗaya na babbar sakandare ko kwalejin fasaha, a fara da injunan da in sun yi rauni ba su cika raba mutum da gaɓa ba, kamar injin huda da injin goga da ƙaramin zarton yanka zane, kowane ɗalibi sai ya ci jarrabawar baki da ta hannu a kan wannan injin takamaimai kafin a rubuta sunansa cikin waɗanda aka yarje wa. Teburin tsaga katako da injin kankarewa da injin fitar da ado a gefen katako, waɗannan ukun su ne masu cin yatsu. A sakandare ta gama-gari malami kaɗai ya taɓa su, ya yanka wa yara abin da za su yi aiki da shi, kamar yadda ake yi a yawancin makarantun Ingila. A kwalejin fasaha kuwa, inda yaro ya zo ne don ya zama kafinta, dole ya koye su kafin ya fita, amma a shekarun ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, malam na tsaye a gefensa hannunsa kusa da jan maɓalli, sauran na bayan layin da aka ja da fenti a ƙasa, ba kuma wanda ya tsaya saitin faifai. In aji ya yi yawa, a raba shi rukuni-rukuni, ko da kowa sau ɗaya zai samu a mako. Mabuɗin babban makunnin ɗakin ya zauna a aljihun malam, in zai fita ko na minti biyu ne ya kashe ya kulle. Injin da ba shi da murfi, ko ƙarfen bayan faifai, ko makunni mai kashe kansa, a sa masa kwaɗo har sai an gyara, ko da jarrabawa saura mako guda.

Masu duba wannan ba sai an ɗauko su daga Abuja ba. Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, ta daɗe tana horar da malaman sana'a, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a cikin garin Yola. Ma'aikatar ilimi na iya neman su su zagaya ɗakunan nan a farkon kowane zango, su kuma sabunta wa malamai horo, har da taimakon gaggawa: a danne rauni da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, kada a zuba masa garin katako ko baƙin mai kamar yadda ake yi a rumfa, guntun yatsa a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a garzaya asibiti.

Kai kuma uba, ko ke uwa, da ɗanku ke sashen kafinta, ranar taron iyaye da malamai kada ku tsaya a kan kuɗin makaranta kaɗai. Ku ce a kai ku ɗakin injuna. Ku duba ko faifai na da murfi, ku tambaya ina sandar turi, ku buɗe akwatin magani ku ga abin da ke ciki. Sannan ku roƙi malam ya kunna inji, kowa ya ja baya, a kashe babban layin wuta a sake mayarwa. In injin ya tashi da kansa ba wanda ya taɓa shi, ku gaya wa shugaban makaranta cewa ɗanku ba zai ƙara tsayawa gabansa ba sai an canza makunnin, ku kuma sa a rubuta maganar cikin littafin taro.